Injin da Ba a Rufewa

A unguwarmu ta kudancin Albuquerque ba a duba kalanda don a san ranar rufe na'urar sanyi. Da zarar manyan balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane sun cika sama da safe, ƙamshin gasasshen koren barkono kuma ya fara shigowa ta taga, sai ka ga tsofaffi sun fito da tsani. Kowa ya hau rufinsa, ya tsiyaye ruwan na'urar, ya kwance siririn bututun da ke kai mata ruwa don kada ya daskare ya fashe, sannan ya lulluɓe ta da tamfol ya ɗaure tam. Daga rufi zuwa rufi ake gaisawa, ana yi wa juna tsiya a kan wanda ɗaurinsa ya fi muni. Magidancin da ya bar tasa a buɗe har sanyi ya kama, iska za ta riƙa zubo wa iyalinsa ta rufi, shi kuma ya shekara yana shan gori.

Shi ya sa da Orlinda Archuleta ta tsayar da akori-kurarta a ƙofar gidan mahaifinta ta ɗaga kai, da farko ba ta ga wani abin mamaki ba. Tamfol ne ruwan ƙasa mai faci a gefe, wanda ta sani tun tana 'yar ƙanƙanuwa, an zagaye shi da igiya an yi masa irin ƙullin da babu mai yi a layin nan sai mahaifin nata, tsoho Eloy. Sai da ta sauke jakar kayan aikinta gabanta ya faɗi. Babu na'ura mai ruwa a rufin nan. Ita da kanta ta sauke ta a farkon bazara.

Gyaran injinan sanyi da na ɗumi shi ne sana'ar Orlinda, kuma ta iya, wannan ko wanda ba ya son ta ya sani. Abin da ta ɗora wa mahaifinta a madadin tsohuwar na'urar akwatin ƙarfe ne guda mai aiki biyu: da zafi ya hura sanyi, da sanyi ya ƙona gas ya hura ɗumi. Irinsa ba a rufe shi. Ta gefensa yake shaƙar iska, ta gefensa yake fitar da hayaƙi, in aka toshe masa numfashi kuwa hayaƙin ba shi da wurin zuwa sai cikin gida. Kuma munafukin hayaƙi ne, ba wari ba launi, barci kawai yake sa mutum. Ta zaɓi wannan injin ne musamman don kada tsohon ya sake samun dalilin taka tsani.

Kan Eloy ne ya fara zamewa. Ba hauka ba, kada wani ya kai mu can. Zai lissafa maka duk wanda ya yi walda tare da shi a garejin jirgin ƙasa, har ya gaya maka wanda ke ɓoye kwalba a akwatin abincinsa, amma ka tambaye shi ko ya karya kumallo, sai ya leƙa wurin wanke-wanke ya nemo amsa. A sanyin bara ya shanya tawul a kan hitar lantarki ya fita ba kaji hatsi, labule ya kama da wuta, Allah ya sa maƙwabta suka hango. A kan haka babban ɗansa Leroy ya tuƙo mota tun daga Denver, ya tsaya a tsakar ɗaki ya yanke hukunci. Aka kwashe hitocin lantarki, aka cire murhu, abinci sai wanda Orlinda ta dafo. In kuma aka sake samun wata matsala ta wuta ko ta gas, ko da guda ce, Baba zai koma gidan tsofaffi da ke kusa da gidan Leroy. Leroy ba mugu ba ne, tsoro ne ke sa shi magana kamar alƙali. Sai da motar ɗan ta sha kwana, sannan Eloy ya kama hannun Orlinda.

"Auta, tubalin gidan nan ni da uwarki muka buga shi. A ɗakin can ta cika. Kada ki bari a fitar da ni da raina."

Ta ce ba za ta bari ba, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Ta same shi a bayan gida yana zura jan barkono a zare, kyanwarsa kwance a kan takalminsa.

"Baba, wa ya hau rufi?"

"Wa kike zato, gwamna?" Ya yi dariya har da tari. "Kin ga ɗaurin? Maƙwabcinmu Nestor ya leƙo daga nasa rufin, baƙin ciki kamar ya kashe shi."

"Baba, wancan ba a rufe shi."

"Tun yaushe?"

"Tun da na sa shi. Hita ce a cikinsa. Gas yake ƙonawa."

Ya ajiye zaren. Tana kallon fuskarsa abin ya dawo masa a hankali. Ya dubi rufin, ya dube ta.

"Hita a ciki. To hayaƙin ya fita ta ina ke nan?" Ya girgiza kai. "Ai kuwa na tafka wauta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta. Je ki kwance. Kada ki yanka mini igiya, ta girme ki."

Wannan shi ya fi ci mata rai. Da gardama ya yi, da ta san da wanda take faɗa. Yana ganewa sarai, ya fi rabin masu gidajen da take yi wa aiki ganewa, sai dai ganewar ba ta kwana.

Ta hau ta kwance tamfol ɗin. Lokacin ba a fara kunna ɗumi ba, saboda haka babu abin da ya faru. Tun da dai aikin da ya kawo ta ke nan, ta kashe wuta a makunnin da ke gefen akwatin, ta kwance murfinsa, ta zare matatar iska da ta yi baƙi da ƙura da gashin kyanwa, ta sa sabuwa. Ta jawo tiyo ta wanke siraran fikafikan ƙarfen daga ciki zuwa waje, audugar bishiyoyin bakin kogi da ta manne musu tun bazara ta gangara ta bi indararo. Ta goge bakin murhunan, ta haska tocila cikin bututan da wuta ke bi ko za ta ga tsaga, ta tsokale gidan zanzaro da aka fara ginawa a bakin bututun hayaƙi. Sannan ta mayar da wuta ta gwada. Ƙaramar fankar hayaƙi ta fara tashi, aka ji ƙyas-ƙyas, shuɗiyar wuta ta kama a jere ba rawa ba ja.

Da za ta tafi ta naɗe tamfol da igiya ta jefa a bayan mota, ta ɗora tsanin mahaifinta a sama ta ce aro take yi. Da yamma Leroy ya kira ya ce yaya Baba, ta ce lafiya lau, barkono yake zurawa.

Ranar da raɓa ta fara daskarewa a gilashin motoci, Orlinda ta biyo ta layin da sassafe a hanyarta ta zuwa aiki. Tun daga kwana ta hango abin. Ledar teburin marigayiya mahaifiyarta ce, mai zanen furanni, an lulluɓe injin da ita an ɗaure da igiyar shanya. Ta shiga gidan a guje. Ta tarar da Eloy a kicin da kwat da hula yana hura hannu, yana zagin kamfanin gas. Injin yana da wani makunni da ke kashe shi in ya rasa iska, kuma ranar ya yi aikinsa. Orlinda ta san makunnan nan ciki da waje, ta kuma san ba kullum suke kamawa ba.

Bayan ta kwance ledar ta tayar da injin, ta tsallaka gidan Nestor Tafoya, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su. Ta same shi yana kankare gilashin motarsa da murfin gwangwani.

"Kawu Nestor, kai ka ba shi tsani?"

"Ni na ba shi. Ni ma na riƙe masa."

"Ban roƙe ka ba? Ban zo har ɗakinka na yi maka bayani ba?"

"Kin yi." Ya ci gaba da kankarewa bai dube ta ba. "'Yar nan, tun kafin a haife ki mutumin nan yake aron tsanina ina aron nasa. Ya tsaya mini a ƙofa da hularsa a hannu, ya ce ɓarayi sun ɗauke nasa. In ce masa me? In ce 'yarka ta ce ka koma yaro? Na gaya masa ba a rufe irin wannan, ya ce me mai facin taya ya sani game da inji. Na ce to bari ya gama in kira ki. Sai matata Filomena ta aike ni shago, abin ya fita a raina. Ni ɗin ma ba yaro ba ne."

Ta zo da faɗa cike da bakinta, ta rasa inda za ta sauke shi. Nestor ya yi alkawarin sa wa tsaninsa sarƙa da kwaɗo. Ta bi gida-gida a layin tana roƙo, kowa ya ce to, kowa kuma ya kawar da ido, don a wurinmu hana maƙwabci tsani abin kunya ne da ya fi hana shi gishiri.

Ta kawo katifa ta dawo kwana a gidan. Amma ba dare ne matsalar ba. Farkon sanyi shi ne lokacin da hitar kowa ke tuna cewa ta lalace, Orlinda tana fita kafin rana ta fito, ba ta dawowa sai ta faɗi. Ta samo wata mata daga cocinsu ta riƙa zama da shi, ya ba ta kofi, ya tambaye ta lafiyar iyayenta, ya raka ta har bakin titi ya rufe ƙofa. Ta kawar da duk wani tamfol da leda da ke gidan. Kowace safiya ta yi masa bayani, kowace safiya ya gane, har ya ƙara mata da abin da ta manta ba ta faɗa ba. Amma da ta fita, iska mai sanyi ta taɓa masa wuya, sai jikinsa ya gaya masa akwai aikin da bai yi ba. Ta sha dawowa ta tarar da shi tsaye a tsakar gida ya ɗaga kai yana kallon rufin, ransa a ɓace, yana cewa duk layin nan shi kaɗai ne malalacin da bai rufe ba.

Daga nan dabarar ta zo mata. Ta je wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa ta samo wata na'ura mai ruwa da tsatsa ta cinye, ba inji ba fanka, gangar jiki kawai. Wani abokin aikinta ya zo da motarsa mai ƙugiya suka ɗaga ta suka dasa a gaban rufin, daidai inda ake gani daga tsakar gida. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta sauke tsani daga mota, ta fito da tamfol ruwan ƙasa da igiyarsa.

"Baba, yau fa ranar rufewa ce. Kai kaɗai ka rage."

"Ai na faɗa miki tun tuni, ba kya ji."

Ya hau tana bayansa, hannunta riƙe da bel ɗinsa, yana ce mata ta sake shi ba akuya ba ne. A can sama kuwa sai ya zama wani mutum. Ya shimfiɗa tamfol ɗin, ya juya facin ya kalli kudu don kada iskar arewa ta same shi, ya ja igiya ya sa gwiwa ya danne. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Nestor ya fito ya tsaya a ƙasa da kofinsa.

"Eloy, wannan ɗauri ne ko ƙunshin wanki?"

"Kai da ka rufe taka da labulen banɗaki har kana da bakin magana?"

"Labulen ya fi facinka tsada."

"Auta, rabu da shi. Zo ki ga yadda ake ƙullin. Uwarki ma ta fi shi iyawa."

Ya koya mata ƙullin, ta yi ya kwance, ta sake ya kwance, har ya ce ba laifi. Suka zauna a bakin rufin suna kallon dutsen Sandia, ya ba ta labarin shekarar da bututun Nestor ya fashe ruwa ya daskare a indararo har ƙasa. Da suka sauko ya ci wake da tortiya, gurasarmu ta nan, har ya nemi ƙari. Orlinda ta shiga banɗaki ta yi kuka na jin daɗi, ta wanke fuska ta fito. Da Leroy ya kira ta ba shi labarin komai ban da dalilin, ta ce Baba ya samu sauƙi sosai.

Mu ma da muke kallo daga ƙofofinmu mun ɗauka ta yi nasara. Kwanaki suka yi ta wucewa, Eloy ya fito da safe ya ɗaga kai, ya ga tamfol ɗinsa a ɗaure, ya gyaɗa kai ya koma ciki.

Ranar da ƙanƙara ta fara sauka a kan dutse, Orlinda tana rufin wani gidan wanki a can arewacin gari, kanta cikin wani injin, wayarta ta yi ƙara. Filomena ce, matar Nestor.

"Orlinda, ki zo. Ƙararrawar gargaɗin hayaƙin nan da kika sa tana ta ihu a gidanku, babanki bai buɗe ƙofa ba. Nestor ya tafi da guduma. Na kira 'yan kwana-kwana."

Ba ta san yadda ta sauko ba, ba ta san yadda ta ratsa garin ba. Ta bar kayan aikinta a rufin mutane a warwatse. Da ta shigo layin ta ga jar mota a ƙofar gida, tagogi duk a buɗe, ƙofar gaba a ɓalle. Eloy yana zaune a dakali an rufa masa bargo, an sa masa robar numfashi a fuska, gaban rigarsa duk amai. Yana da rai. Ta durƙusa ta kama gwiwoyinsa, ya ɗora hannu a kanta yana shafawa kamar ita ce marar lafiyar.

Sai da ta miƙe ta ɗaga kai. Ƙunshi biyu ne a rufin. Na gaba tamfol ruwan ƙasa, yana nan yadda suka bar shi. Na baya kuwa, injin gaskiya, an lulluɓe shi da rigar da ake rufe tsohuwar motar Eloy da ita a rumfa, abin da bai taɓa zuwa mata a rai ta ɓoye ba. Ɗaurin ya yi kyau. Gefe guda ne kawai rigar ba ta kai ƙasa ba, ta nan wutar ta samu 'yar iskar da ta hana ta mutuwa, hayaƙin kuma ya taru a ƙarƙashin rigar injin ya zuƙe shi ya hura cikin gida.

Nestor ya matso, gudumar har yanzu a hannunsa. "Tsanina yana nan da kwaɗonsa, na rantse miki. Ta akurkin kaji ya hau. Ga sawunsa can a kan kwano."

Eloy ya janye robar daga bakinsa. "Na hau in duba ƙulli ne, iska ta yi yawa. Sai na ga ɗayan a tsirara. Auta, wa ya bar shi haka?"

Babban 'yan kwana-kwanan ya ja ta gefe ya ce sun kashe gas, kada a kunna sai mai lasisi ya duba injin. Ta ce ita ce mai lasisin. Ya dube ta, ya dubi rufin, ya dubi tsohon, ya koma wurin motarsu. Aka tafi da Eloy asibiti, suka riƙe shi sai washegari.

Da hantsi ta dawo da shi. Gidan ya yi sanyi ƙalau, ta ajiye masa kujera a tsakar gida inda rana ke bugu, ta naɗe shi da bargo, kyanwa ta haye cinyarsa. Ita kuma ta hau rufi.

Tun da ta fara sana'ar nan ba ta taɓa buɗe inji tana roƙon Allah ya sa ta samu ɓarna ba sai ranar. Tsaga take nema, ko makunni da ya mutu, ko waya da ta ƙone, kowane abu da za ta ɗaga ta nuna wa Leroy ta ce ga mai laifin, na canza shi, magana ta ƙare. Ta kwance murhunan ɗaya bayan ɗaya. Ta zura tocila da ɗan madubi cikin kowane bututu, ta bi kowace kwana. Ta gwada makunnin da ke kashe injin, ya kama nan take. Ta goge ɗan baƙin da ya taru, ta mayar da komai, ta buɗe gas ta tayar. Fankar hayaƙi ta tashi, ƙyas-ƙyas, wuta ta kama shuɗiya a jere. Ta sauka da ma'auninta ta bi ɗaki-ɗaki, iskar da ke fitowa tsaf take. Injin lafiyarsa ƙalau.

Ta koma sama ta zauna a kan jakarta. Ta yi tunanin kewaye shi da kejin ƙarfe, ta san kejin ma tsohon zai lulluɓe shi. Ta yi tunanin sauke shi ta kawo mai lantarki zalla, wayoyin gidan ba za su ɗauka ba, ko sun ɗauka shi ma in an lulluɓe shi mutuwa zai yi, tsoho ya daskare a ɗaki. In ta rushe akurkin, akwai katangar da zai taka. In ta bar aiki ta zauna da shi, dole wata rana ta shiga wanka. Ta dubi sawun takalminsa a kan kwanon akurkin, inda ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ta ga wurin da ƙafarsa ɗaya ta zame. Duk abin da hannunta ya iya ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai inda ciwon yake. Ba ta taɓa jin ta zama banza irin na wannan rana ba.

Ta tashi ta kashe injin. Ta juya makullin gas, ta sa sifana ta kwance bututun, ta murɗa masa toshi ta ɗaure har sai da hannunta ya yi zafi. Ta san abin da take yi. Gidan da ba ɗumi a watan Disamba ba a barin tsoho a cikinsa ko kwana ɗaya.

Da ta sauko Eloy yana nan yadda ta bar shi. Ta jawo bokiti ta kife ta zauna kusa da shi, tana goge hannu da tsumma.

"Yaya?" ya ce.

"Wani ƙarfe ne ya tsage a ciki, Baba. Sai an aiko da sabo daga kamfani. Zai ɗan ɗauki lokaci. Kafin nan sai mu nemi inda za ka ɗan zauna."

Ya shafa kyanwar.

"Na ji lokacin da kika tayar da shi," ya ce. "Daga nan na ji. Ya kama lokaci guda, bai yi tari ba, bai yi gurnani ba. Ƙarfen da ya tsage ba haka yake kuka ba."

Ta ci gaba da goge hannun da ya riga ya fita.

"Sannan na ji sifana a kan bututun gas. Auta, ni na koya miki riƙe sifana." Ya juyo ya dube ta, idonsa tar, babu hazo ko kaɗan. "Ba injin ba ne, ko?"

Ta ajiye tsumman. Hawaye suka zubo mata, ta ƙyale su.

"Sau nawa na yi?"

"Ba sau ɗaya ba."

"Kuma kin gaya mini."

"Kullum, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon bangon gidan, daga tushe har indararo, ya dubi tagar ɗakin da matarsa ta cika.

"Da Nestor ya shigo da gudumar nan hayaƙin ya kwantar da shi fa? Ko ke, kina barci a katifar can?" Ya ja numfashi. "Kira Leroy."

"Baba, na yi maka alkawari."

"Na san kin yi. Shi dai ban manta ba. Kira shi yanzu, ina zaune a nan, kafin in manta ni na ce ki kira. In kika bari sai gobe zan ce sace ni kuka yi."

Ta ciro wayar, ta danna. Ta yi ƙara kaɗan Leroy ya ɗauka, ana jin hayaniyar ofis a bayansa. Ya ce Orlinda, lafiya? Ya sake cewa Orlinda. Ta riƙe wayar a kunne tana kallon mahaifinta.

Eloy ya fito da hannu daga cikin bargo ya karɓa.

"Leroy, ni ne. Kada ka yi wa ƙanwarka faɗa, ta yi iya yinta. Ka zo ka ɗauke ni."